Ni da Baba da sitiyarin Fijo

Yau maganar tsohuwar mota na kawo, amma kada 'yan mata su gudu, akwai biki a ciki.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe a Ingila ya san akwai wani abu guda da uba ke riƙe da shi kamar ransa. Wani rediyo, wani akwatin ƙarfen da ya zo da shi. Namu Baban mota ce: Peugeot 504 ƙirar 1978, shi dai Fijo yake ce mata. Ya saye ta a nan Birmingham tun ina firamare, don irinta ya koyi tuƙi da ita a Kaduna, inda aka fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Bambancin kawai, ta can sitiyarinta a hagu yake, saboda Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, wannan kuwa a dama. A Faransa aka fito da 504 a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Duk wannan mun haddace shi dole, kamar karatun allo.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, ya ajiye tuƙi. Da aka sa ranar auren ƙanwata sai ya ce ba wata motar haya, a Fijo za a kai amarya, kuma ni zan ja.

Na fito da ita gwaji. Wallahi ban yi mil uku ba gabana ya faɗi. Ka juya sitiyari, motar sai ta yi shawara tukuna kafin ta bi ka. A kan babban titi kuwa kamar kana tuƙa kwalekwale. Na dawo na faɗa masa, ya ce, "Babana, haka take tun da can. Kai ne ka saba da motocin roba."

Ga inda matsalar take. Tun 2018, motar da ta haura shekara 40 ba dole ba ne a kai ta gwajin MOT na shekara-shekara, muddin ba a yi mata wani babban sauyi ba. Amma doka ba ta yafe maka lafiyar mota ba. Ma'ana, babu wani mai duba ta da zai ce wa Baba a'a. Ni ne zan ce, ni kuwa ban taɓa ce masa a'a ba.

Sai na bar musu na ɗauko abin awo. Na tsayar da tayoyi saiti a ƙasa, na manna tef a bakin sitiyari, na juya shi a hankali har sai da taya ta fara motsi. Santimita 4 cur yana tafiya a banza! A littafin masu gwajin MOT, sitiyari mai faɗin milimita 380 irin mai sandar haƙora, wasan da aka yarda da shi milimita 13 ne, ko 48 idan mahaɗai sun yi yawa tsakanin sitiyarin da sandar. Baba ya ji 48 ya ce to ai ba ta kai ba. Na ce Baba, saura kaɗan ne, kuma ba mu san abin da ke cinyewa a ciki ba.

Abin da na koya, kuma shi ne amfanin wannan rubutu: wasan sitiyari iri biyu ne. Kama shi ka ja sama da ƙasa, gaba da baya. In ya yi lako-lako, laifin na sama ne, ko notin tsakiya, ko bushin da ke riƙe sandar, ko ƙusoshin da suka ɗaure ta a jikin mota. In kuwa wajen juyawa ne yake tafiya a banza, sai ka bi layi zuwa ƙasa gaɓa-gaɓa. Wannan aikin mutum biyu ne. Baba ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, ni ina ƙasa da tocila ina kallon inda sama ke motsi ƙasa na tsaye.

Tayarod lafiya lau. Sandar haƙora ma ba ta ce komai ba, na yi hamdala, don ta mota mai sitiyarin dama ba ɗaya take da ta Najeriya ba, balle in ce kawu ya leƙa Panteka ya aiko. Mai laifin wani faifan roba ne da ke haɗa sandar sitiyari da ta ƙasa, Faransawa na ce masa flector. Aikinsa ya shanye girgizar hanya kafin ta kai hannunka. Namu ya tsattsage, man inji da ke ɗiga masa shekara da shekaru ya mai da shi kamar tuwon da ya kwana. Na danna da yatsa ya lotsa. Na kira Baba, ya durƙusa da ƙyar, ya laluba da hannunsa tunda ido ba ya gani sosai. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Da wannan na kai ku Manchester sallar bara waccan?"

Daga Faransa na yi odar sabo, kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Kafin ka kwance, cire batir, ka sa alamar fenti a kan sandunan biyu, in ba haka ba za ka gama ka tarar da sitiyari a karkace. Sa sababbin notuna masu kulle kansu, kada ka mai da tsofaffi. Ƙusar da ke matse sandar kuma tana da gurbinta, dole ta bi ta cikinsa, ita ce ke hana sandar zamewa. Ɗauri kuwa da sifana mai awo, yadda littafin motar ya ce, ba yadda damtsenka ya ce ba. Wani bakanike ya ba ni shawarar wai in ɗaure da walda in huta. Ban ko amsa masa ba.

Kwana biyu na yi, rabi duk wajen faɗa da ƙusa ɗaya mai tsatsa. Da na sake awo, wasan bai kai santimita 1 ba. Na kai ta gareji aka duba saitin tayoyi, na kuma biya aka yi mata MOT ɗin da ba dole ba, don hankalin Umma ya kwanta.

Ranar biki amarya na baya tana kuka, Baba na gefena da babbar riga. Mun shiga shataletale na farko, motar ta bi hannuna ba gardama. Ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "Babana, rage gudu. Kuma man da ke ɗigan nan, yaushe za ka duba shi?"