CIWON HAUKAN KARE: ABIN DA YA WAJABA MAI KARE YA SANI

A yawancin unguwannin ma'aikata da wuya mutum ya wuce gida biyar bai ji haushin kare ba. Wasu sun ajiye shi domin gadi, mafarauta kuwa domin shiga daji, ga kuma kyanwa da ake bari a gida saboda ɓera. Sai dai sau da yawa ba a tunawa da likitan dabbobi sai ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabta, sa'an nan hankali ya tashi, a shiga tambaya ko an taɓa yi masa allura.

Dalilin wannan tambaya shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta wurin cizo ko yakushi, ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, ko da yake takan yi mako guda kawai, ko ta kai shekara. Da zarar alamunta sun fito ga mutum, watau zazzaɓi da ruɗewa da tsoron ruwa, to da wuya ƙwarai ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Yadda ake gane ta

Alamar farko ita ce canjin hali. Kare mai wasa sai ya koma lungu, mai sanyin hali kuma ya fara cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse. Muryarsa takan dushe, miyau ya riƙa dalala. Akwai kuma irin wadda ba ta da faɗa, inda muƙamuƙi ke saki, haɗiya ta gagara. Nan ne masu gida kan yi kuskure, su zaci ƙashi ne ya maƙale, su sa hannu cikin bakinsa. Kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma yaɗawa.

Allurar rigakafi

Tun shekarar 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura, ya kuwa tsira. A Nijeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana haɗa allurar karnuka. Ƙa'ida ita ce a yi wa ɗan kwikwiyo idan ya cika wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a kuma adana takardar shaida. A wannan zuwa ne likita zai ba da maganin tsutsar ciki, ya duba kaska da ƙuma. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan daina yaɗuwa a tsakaninsu.

Idan cizo ya auku

Abu na farko shi ne a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. Kada a cusa toka ko ganye, kada kuma a ɗaure. Daga nan sai asibiti a ranar, domin a fara allurai waɗanda ake yi a ranaku dabam-dabam, kuma lalle ne a cika su. Shi kuwa karen, a tsare shi kwana goma, a sanar da ofishin likitan dabbobi. In ya cika kwanakin lafiya lau, alama ce ba ya ɗauke da cutar a miyansa lokacin cizon. Amma ba a jiran wannan kafin a fara magani.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, tun 2007, duniya ke tunawa da wannan cuta. Mai kare dai ba sai ya jira ranar ba. Ya duba takardar dabbarsa, in shekara ta zagayo ya ɗaura mata igiya ya nufi asibitin dabbobi, domin haƙƙin 'ya'yansa da na maƙwabta yana wuyansa.