Yadda Za Mu Zaɓi Kuben Injin Huji

Da yawa cikin ɗalibanmu sukan koyi aikin kafinta ko na wayarin a Sabon Gari lokacin hutu. A can za su tarar da injin huji mai batir, wanda kamfanin Black & Decker na Amurka ya fara fitarwa a 1961. Mai hawa tsani yana bukatar hannuwansa biyu, don haka dole injin ya zauna cikin kube a ɗamara. In ya suɓuce daga sama, kan wani zai faɗa.

To, me za mu duba? Na fari, mu tafi da injin mu gwada, ya shige daram, bakinsa na kallon ƙasa. Na biyu, kuben ya kasance da maɗaurin da zai riƙe mariƙin in mun sunkuya. Na uku, bahago ya nemi na gefen hagu.

Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, amma tana da laushi. Gara baduku ya ɗinka mana da fatar saniya mai kauri. Araha ba ta ado!