Ficewar Birtaniya Daga Tarayyar Turai: A Tsaya Kafin A Sayar Da Gona

Sau uku ke nan ana turo mini wani saƙon murya a WhatsApp. Mai maganar yana rantsuwa cewa tun da Ingila ta fita daga Tarayyar Turai arziki ya buɗe a can, mutanen gabashin Turai sun kwashe komatsansu sun koma gida, aiki ya yi yawa babu masu yi, don haka duk mai miliyoyin da zai ba ejan ya ɗaure jakarsa. Na ukun da ya turo mini ɗan ƙanwata ne, har da ƙarin cewa: "Kawu, don Allah ka sa baki Baba ya yarda a sayar da gonar bakin rafi." A nan ne abin ya ishe ni.

Labarin ficewar kansa gajere ne. Birtaniya ta shiga ƙungiyar a 1973. Ranar 23 ga Yuni 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Ta fita ranar 31 ga Janairu 2020, amma tsofaffin dokokin ciniki suka ci gaba da aiki har ƙarshen Disamban shekarar. Wannan shi ake kira Brexit.

To, ina arzikin da ya buɗe? Masu neman a fita sun yi ta yawo da wata jar bas da aka rubuta wa cewa ana aika wa Turai fam miliyan 350 kowane mako, gara a zuba kuɗin a asibitocin ƙasa. Washegarin ƙuri'a darajar fam ta faɗi ƙasa yadda ba a gani ba tun 1985, kuma ƙasar da take shigo da abinci mai yawa daga waje, idan kuɗinta ya faɗi, a kanti ake fara jin zafin. Ranar 24 ga Disamba 2020 gwamnatin Boris Johnson ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar cewa ba za a ɗora kuɗin fito kan kayan juna ba. Jama'a suka ɗauka shi ke nan, babu abin da zai canza. Amma kuɗin fito daban, takarda daban. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana da mota a Jibiya ko Illela ya san ko ba a karɓi kobo a hannunka ba, tsayuwar kanta asara ce.

Masunta ne suka fara ɗanɗanawa. A da, kifi da ƙaguwar da aka kama a Scotland kan isa kasuwar Faransa washegari da sauran ransu. Daga 1 ga Janairu 2021 sai da takardar kwastam, da shaidar inda aka kama, da shaidar lafiyar kayan mai sa hannun jami'i. Kuskure ɗaya a takardar mutum ɗaya kan tsayar da motar da ta ɗauko kayan mutum goma, kifi kuwa ba ya jiran kowa. A tsakiyar watan masu wannan sana'a suka kwaso manyan motocinsu suka jere su kusa da majalisa a Landan don nuna fushi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce kayan da aka fitar zuwa Tarayyar a watan nan sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, ko da yake sun ɗan farfaɗo daga baya. Har aka nuna jami'an kwastam na ƙasar Holan a talabijin suna karɓe guzurin direbobi, burodi da nama a tsakiya, domin an hana shiga da nama da madara daga wajen Tarayyar. Wanda ya saba sayen takalmi ta intanet daga Jamus sai ya ga mai kawo saƙo a ƙofa yana neman ƙarin haraji. Dattijon da ya yi gida a Sifaniya don gudun sanyi aka ce kwana 90 kawai zai yi cikin kowane 180. Ɗalibai suka rasa shirin Erasmus na musayar karatu. A Ireland ta Arewa wasu kantuna sun wayi gari da kantoci a bushe.

Maganar ƙarancin ma'aikata kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa ƙaryar take shiga. Ƙungiyar masu motocin dakon kaya ta ce a 2021 ana ƙarancin direbobi kimanin 100,000. A watan Agusta kamfanin Nando's ya rufe rassa kusan 50 don kaji ba su iso ba. A Satumba aka ga dogayen layukan mai a Landan, irin waɗanda muka ɗauka mu kaɗai aka yi wa gadonsu, har aka kira sojoji su tuƙa tankoki. Manoma sun kashe aladu sun zubar saboda babu mahauta. Annobar korona ma da hannunta a ciki.

Amma dubi abin da gwamnati ta yi. Biza 5,000 ta ware wa direbobi, ta 'yan watanni, a gama bukukuwan ƙarshen shekara kowa ya kama gabansa. Ƙofar da ta buɗe da gaske ita ce ta masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, a Fabrairun 2022, kuma 'yan Najeriya da dama sun shiga ta nan. Ta nan kuma 'yan damfara suka shiga. Mutane sun biya maƙudan kuɗi don takardar ɗaukar nauyi, suka sauka suka tarar kamfanin ba shi da aikin da zai ba su, har gwamnati ta soke lasisin ɗaruruwan irin waɗannan kamfanoni. Daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a Maris aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da nasu iyalin, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko sababbinsu daga waje gaba ɗaya. Mutanen da suka zaɓi ficewa, da yawansu don a rage baƙi suka yi. Wane hankali ne zai ce sun kori maƙwabtansu don su shimfiɗa mana darduma?

Saboda haka, jama'a, a ji tsoron Allah a daina tura abin da ba a bincika ba. Wanda ejan ya zo masa, ya fara tambayar sunan kamfanin da zai ɗauke shi. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙi a shafinta na intanet, kyauta ake dubawa, ko a waya. Idan sunan ba ya ciki, magana ta ƙare. Idan yana ciki, a nemi kamfanin kai tsaye a ji ko ya san da zancen. Takardar ɗaukar nauyi ba hajar kasuwa ba ce, mai aiki ne yake bayar da ita ga wanda ya ɗauka. Wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya sayar maka, kifi a ruwa yake sayar maka. A kuma sani bizar aiki ɗaure take da wanda ya kawo ka. Idan aka soke lasisinsa, yawanci kwana 60 ake ba ka ka sami wani ko ka bar ƙasar, ga kuɗin haya na cin ka kowane wata. Kada a zuba kuɗi a asusun wani mutum, kada a miƙa fasfo, kada a yarda da "ka tafi da bizar ziyara, can za a gyara", domin bizar ziyara ba ta halatta aiki. Masu cewa kuma daga Landan sai ka tsallaka Faransa, su sani bizar Birtaniya ba ta taɓa shigar da kowa Faransa ba, ko lokacin da take cikin Tarayyar.

Ɗan ƙanwata na ce masa ya karɓo mini sunan kamfanin kawai, ni zan duba da kaina. Ejan ya ce sirri ne, sai an biya rabin kuɗi. Gonar tana nan, bana ma albasa aka shuka.