Abin da ya kamata ku sani game da baƙin kallo da arzikin cikin birnin Kano

Baƙon da ya sauka Kano don buɗe ido da wuya ya koma gida bai leƙa wurare biyar ba: Dutsen Dala, Gidan Makama, ƙofar Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Ga ɗan cikin badala, waɗannan wurare ne da yake wucewa kullum bai ko ɗaga kai. Amma akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa murhu sai an yi ciniki a can.

Me baƙo yake zuwa gani?

Yawancinsu daga Dala suke farawa, dutsen da tarihi ya ce Barbushe ya zauna, domin daga samansa ana hango birnin gaba ɗaya. Ganuwar da ta kewaye birnin kuwa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Sauran wuraren kusan duk suna komawa ga zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da ake kira da sunansa, shi ya kafa Kurmi. Gidan Makama, da yanzu yake gidan adana kayan tarihi, da shi ake danganta shi, kuma ana ƙirga kafuwar marinar Ƙofar Mata daga 1498.

Me ya sa marina ta fi jan hankali?

Saboda a can aiki ake yi, ba ajiya ba. Marini zai zuba ruwa a rijiyar rini, ya haɗa toka da baba, ya bar su kwanaki suna tsima, yana motsawa har ruwan ya nuna. Idan ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa zuwa shuɗi a kan idon mai kallo. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launi. Gani ya kori ji, shi ya sa baƙo ke daɗewa a bakin rijiya fiye da gaban kowane gini.

Wannan sana'a ba don 'yan kallo aka ƙirƙiro ta ba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin arzikin birnin, kuma tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Fatar da majema suka jeme a ƙasar Hausa ita ma ta ƙetare Sahara, Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko don ta can take isa gare su.

Ina kuɗin baƙo yake shiga?

A ɗauki zane ɗaya da aka saya a Ƙofar Mata. Kafin ya iso rijiya, wata mata a cikin gida ta zauna da zare da allura ta yi masa ɗauri, wanda shi ne ke fitar da ado. Bayan rini, mabuga sun ɗora shi a kan gungume sun buge shi har ya yi sheƙi. Ga mai kawo baba daga ƙauye, ga ɗan sahun da ya kawo baƙon, ga yaron da ya yi masa jagora cikin lungunan Kurmi zuwa layin dukawa da 'yan huluna, ga mai gurasa da mai kilishi. Kuɗin baƙo ɗaya sai ya tsaya a hannu bakwai ko takwas. Wanda ya ɗauki hoton ganuwa ya wuce kuwa, ƙura kawai ya bari.

Babbar kakar wannan ciniki ita ce Sallah. Hawan Daushe da Hawan Nassarawa suna cika masaukai, kuma tun watanni kafin nan masu ɗinkin sirdi da linzami, maɗinka alkyabba da masu sayar da rawani suke kan aiki. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma kaka takan yi fashi: da aka soke hawa a 2020 saboda korona, kowa a wannan layi ya ji a aljihunsa.

Me ke yi wa abin barazana?

Na farko, kasuwa. Yadin da ake shigowa da shi daga Sin ya cika Kantin Kwari, ya fi araha, rinin zamani kuma ya fi na baba sauri. Rijiyoyi da yawa a Ƙofar Mata sun daina aiki, 'ya'yan marina suna neman wata hanyar abinci. Na biyu, ganuwa. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO suna jiran tantancewa, alhali ruwan sama na zaizaye ta, masu gini na cin gefenta.

Ya ake yi a wasu wurare?

A birnin Fas na Maroko, majemar gargajiya ce ke jan baƙi, shagunan fata suna kewaye da ita, mai kallo ba ya fita sai ya ratsa ta cikinsu. Haka yankunan noman inabi na Faransa da Afirka ta Kudu suke yi: a nuna wa baƙo gona da wurin sarrafawa, ya saya a nan, ya ci abinci a nan, ya kwana a nan.

Kano tana da abin nunawa, amma baƙin waje kaɗai ba za su riƙe marina ba, domin zuwansu na lokaci-lokaci ne. Abin da zai sa rijiya ta ci gaba da tsima shi ne Bakano ya saka zanen baba a lefen amaryarsa, malamin makaranta ya kai ɗalibansa Ƙofar Mata, mai shirin Sallah ya sayi takalmi a hannun baduku. Ranar da marinin ƙarshe ya rufe rijiyarsa, rami kawai za a nuna wa baƙo, kuma babu mai biyan kuɗin mota don ganin rami.