Rehobowam da Kujerar Matasa a Majalisa

A ikkilisiyoyinmu da yawa, matasa ne ke buga bulo idan ana gini, su ne ke share majami'a, su ne kuma ke kwana a bakin ƙofa suna gadi idan gari ya rikice. Amma ranar da majalisa ta zauna a kan ginin, ko kuɗin, ko tsaron, sai dai su ji sanarwa bayan sujada. In wani ya yi ƙorafi, mukan yi saurin jawo masa labarin Rehobowam, wanda ya bi shawarar samari har mulkinsa ya tsage. Ya kamata mu sake karanta labarin nan a hankali, gama ni kaina na yi shekaru ina wa'azinsa a karkace.

Wa Rehobowam ya ƙi saurara?

A 1 Sarakuna 12, jama'ar Isra'ila sun taru a Shekem, suka roƙi sabon sarki ya sassauta musu aikin tilas da Sulemanu ya ɗora musu. Dattawa suka ce ya amsa musu da alheri. Samarin da suka tashi tare da shi suka ce ya ƙara tsanantawa. Sai mu lura da 1 Sarakuna 14:21, inda aka ce Rehobowam yana da shekara 41 sa'ad da ya hau gadon sarauta. Ashe waɗannan samari tsaransa ne, magidanta 'yan fada, waɗanda nauyin aikin bai taɓa hawa kafaɗarsu ba. Waɗanda ya ƙi saurara su ne masu ɗauke da kayan. Daga nan kabila goma suka balle, aka kuma jajjefe Adoram, shugaban aikin tilas, har ya mutu.

Saboda haka, fasto mai karanta wannan sura ya tambayi kansa: a ikkilisiyata, wa yake ɗauke da kayan shawarar da muke yankewa? Sau da yawa amsar ita ce matasa.

Yadda manzanni suka yi

A Ayyukan Manzanni 6, masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci. Manzanni ba su kira wannan tawaye ba. Sun tara dukan almajirai, suka faɗi irin halin da ake bukata, wato kyakkyawar shaida da cikar Ruhu da hikima, sa'an nan suka bar wa jama'a zaɓe. Dukan mutum bakwai da aka zaɓa sunayen Helenanci gare su, alamar cewa an danƙa aikin a hannun ɓangaren da abin ya dama. Ikon manzanni bai ragu ba, gama su ne suka yi addu'a suka ɗora musu hannu.

Wannan ya amsa tsoron dattawanmu. Gaskiya ne, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne kuma, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bulus ya haɗa wa Timoti biyun a wasiƙa guda: kada ya yarda a rena ƙuruciyarsa (1 Timoti 4:12), kada kuma ya tsauta wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar uba (5:1).

Abin da na koya da tsada

A wata ikkilisiya da na yi hidima, mun ba da hayar filin da ke bayan majami'a domin mu samu kuɗin rufin gidan fasto. Ba mu tambayi matasa ba. A filin nan suke buga ƙwallo da yamma tare da samarin Musulmi na unguwa, a nan kuma suke jin labarin duk wata husuma tun tana ƙarama. Da aka kewaye filin, wasan ya mutu, zumuncin ya bi shi. Da aka sami hatsaniya daga baya, muka rasa wanda za mu aika wurin samarin ƙetaren titi. Shugaban matasa ya ce mini, "Baba, da an tambaye mu, da mun faɗa muku abin da filin nan yake riƙe da shi." Ban sami abin ce masa ba.

Duk wanda ya ga rikicin Jos na 2001 da na 2008 ya san cewa dattawa ne ke sa hannu a takardar sulhu, amma samari ne ke tsaye a kan titi. Sulhun da aka ƙulla ba da saninsu ba, da wuya su riƙe shi.

Me fasto zai yi?

Na ɗaya, a ba Zumuntar Matasa kujera mai ƙuri'a a majalisa, namiji da mace, gwargwadon yadda tsarin ɗarikarku ya yarda. Inda bai yarda ba, a kai batun gaban gunduma.

Na biyu, su zaɓi wakilansu da kansu. Wanda fasto ya naɗa don ba ya musu, abokin Rehobowam ne.

Na uku, a ba su jerin batutuwa mako guda kafin zama, domin su tattauna a tsakaninsu.

Na huɗu, a bar su su fara magana. A al'adarmu, da zarar dattijo ya faɗi ra'ayinsa, kunya takan rufe bakin yaro.

Na biyar, in an ƙi shawararsu, a gaya musu dalili, a kuma rubuta shi a littafin majalisa.

A ƙarshe, idan mai unguwa ko hakimi ya kira shugabannin addini, fasto ya tafi da matashi ɗaya a gefensa.

Tun watan Mayu na 2018, dokar Nijeriya ta yarda ɗan shekara 25 ya tsaya takarar Majalisar Wakilai ko majalisar jiha, maimakon 30. 'Yan'uwa, idan ƙasa ta amince masa ya yi wa jama'a doka, da wace hujja za mu hana shi magana a kan filin ikkilisiyarsa?

Tambayoyi don nazari

1. Wace shawara ce majalisarku ta yanke a bara wadda nauyinta ya faɗa a kan matasa? An ji ta bakinsu kafin a yanke?
2. Yaya za ka koya wa matashi ya saɓa wa ra'ayin dattijo ba tare da rashin kunya ba?