Icen fulawa da gashin nama: a duba kafin a hura

Makon jiya wani dattijo mai tsire a unguwarmu nan Agege ya kira ni in ga garaɓasar da ya samu. An sare itatuwan ado a wani gida a Ikeja, mai gadi ya ba shi kura guda kyauta. Da tsadar gawayin nan, wa zai ƙi? Ina karya reshe ɗaya sai ga farin ruwa kamar nono. Na ce, "Baba, wannan kam kar ya kusanci tukuba."

Yawancin lodin oliyanda ne, fulawar nan mai siririn ganye da jan fure ko fari da ake dasawa a bakin katanga. Dangin tumfafiya ce, kuma gubarta zuciya take taɓawa. Bushewa ba ta kashe gubar, hayaƙin ma ba lafiya ba ne, ga shi nama shan hayaƙi yake yi, mai gashi kuma a kai yake wuni. Firanjifani mai farin fure da ƙamshi ita ma danginsu ɗaya.

Ba duka ne guba ba. Doguwar bishiyar nan mai jan fure da 'ya'ya kamar takobi, icenta dai ba nauyi, nan da nan ya zama toka, naman bai nuna ba.

A gida, babana in ya yanka wa baƙi, marke ko gawayin ƙirya yake nema, saboda garwashinsu na daɗewa. A nan Kudu in babu su, busasshen icen lemo ko gwaiba ya wadatar.

Baban dai ya sa yara sun kwashe lodin, yana ta mitar kuɗin kura.