Gilashin Rufin Mota Mai Fanorama: Me Ke Fasa Shi, Kuma Yaya Ake Canza Shi?

Duk wanda ya taɓa fasa sikirin ɗin wayarsa ya san yadda zuciya ke bugawa kafin mai gyara ya faɗi kuɗin canji. To a motocin alfarma akwai gilashin da fashewarsa ta fi wannan tayar da hankali, wato faffaɗan gilashin nan na saman mota da ake kira fanorama. Shi ne wanda ke farawa daga saman kujerun gaba ya kai har saman na baya, kamar yadda ake gani a Range Rover, Lexus RX, Mercedes-Benz GLE, BMW X5 da kuma Toyota Venza. Da yawan motocin tokunbo da ke shigowa daga Amurka da Turai suna zuwa da shi, shi ya sa yanzu ba baƙon abu ba ne a titunan Kano, Kaduna da Abuja.

Matsalar ita ce mutane da yawa suna ɗaukar canza shi kamar canza gilashin tagar ɗaki ne. Alhali aiki ne da ya haɗa gilashi, gam, wayoyin lantarki da manhaja, kuma kuskure ɗaya a cikinsa na iya sa gilashi mai nauyi ya tashi sama a kan babban titi ya faɗa wa motar da ke baya.

Gilashi iri biyu ne, kuma ba sa fashewa iri ɗaya

Kafin a yi maganar canji, sai an san wane irin gilashi ne a saman motar.

Na farko shi ne gasasshen gilashi. Ana zafafa shi a masana'anta har kusan digiri 620, sannan a hura masa iska mai sanyi cikin gaggawa. Fatar waje tana rigan ciki hucewa, don haka sai wajen ya zama a matse, cikin kuma a ɗame kamar tsirkiyar baka. Wannan ne ke sa ya ninka gilashin gida ƙarfi sau 4 zuwa 5. Amma da zarar tsaga ta ratsa fatar ta kai ciki, duk ƙarfin da ke ɗaure a jikinsa yana kwancewa lokaci guda, gilashin ya tarwatse ya koma ƙananan ɓarɓashi kamar tsakuwa, tare da ƙara mai kama da harbin bindiga. Yawancin rufin motoci da irinsa ake yi, kuma kaurinsa bai cika wuce milimita 4 zuwa 5 ba.

Na biyu shi ne gilashi mai falle biyu. Gilasai biyu ne aka manna da siririyar roba mai suna PVB a tsakani, wadda kaurinta yakan kai milimita 0.76. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1909. Irinsa ne ke gaban kowace mota a yau. Idan ya fashe yakan yi tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, amma robar tsakiya ta riƙe shi. Wasu kamfanoni, irin su Volvo da Tesla, suna amfani da shi a rufi.

Gilashin waya kuwa wata hanya ce daban. Gorilla Glass na kamfanin Corning ba da iska ake ƙarfafa shi ba. Tsoma shi ake a narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400, sai manyan ƙwayoyin fotasiyam su maye gurbin ƙananan ƙwayoyin sodiyam a fatar gilashin, su matse ta. Manufar dai ɗaya ce da ta gasasshen gilashi, wato a matse fatar waje don tsaga ta kasa buɗewa.

Sanin wanda ke motar mutum ba wuya. A kusurwar gilashin akwai ƙaramin tambari, a jikinsa akan rubuta Tempered idan gasasshe ne, ko Laminated idan mai falle biyu ne. A nan ne kuma ake ganin sunan kamfanin da ya yi gilashin, da lambar DOT ta Amurka, ko harafin E da 43R na ƙa'idar Turai.

Me ke fasa shi?

Abin da ya fi yawa shi ne dutse. Tsakuwar da tayar tirela ko tifa ta cilla sama tana iya sauka a rufin ta yi ɗan ƙwarzane da ido ba ya gani. Gilashin ba lallai ya fashe a ranar ba. Sai bayan kwanaki ko makonni, idan mota ta faɗa rami ko ta sha rana, tsagar ta ƙarasa ciki. Shi ya sa mai mota zai rantse babu abin da ya taɓa gilashin.

Na biyu shi ne murɗewar jikin mota. Duk lokacin da taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta shiga kwari, gangar jikin motar tana ɗan murɗewa, kuma faffaɗan gilashi yana ɗaukar kasonsa na wannan wahala. Motar da ta taɓa yin haɗari aka miƙe ta ba daidai ba ta fi shiga wannan haɗarin.

Na uku shi ne bambancin zafi. Motar da ta wuni a ranar watan Afrilu, aka zo aka kwara mata ruwan sanyi a wurin wanki, an haɗa gilashinta da jarrabawa. Lafiyayyen gilashi yakan jure, amma mai ɓoyayyen ƙwarzane yana iya sallamawa.

Na huɗu daga masana'anta yake. Wani lokaci ƙwayar sinadarin nikel salfaid, wadda ba ta kai girman ƙwayar yashi ba, tana maƙalewa a cikin gilashin. Tana kumbura a hankali tsawon watanni ko shekaru, har wata rana ta fasa shi mota na ajiye.

Wannan ba labarin kanzon kurege ba ne. A 2017 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta binciki ƙorafe-ƙorafen da aka kai wa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, ta tarar da sama da 850 kan rufin gilashi da ya tarwatse, kuma mafi yawansu sun shigo ne daga 2011, lokacin da fanorama ta fara yaɗuwa. A ƙarshen 2012 Hyundai ta janye wasu motocinta ƙirar Veloster saboda wannan matsala. A farkon 2020 kuma Mercedes-Benz ta janye kusan motoci 745,000 a Amurka, ƙirar 2001 zuwa 2011, saboda gam ɗin da ke riƙe da gilashin rufin na iya saki gilashin ya fita.

Abin yi da zarar ya fashe

Idan ana cikin tafiya ne, direba ya rage gudu a hankali, ya kunna fitilun gargaɗi, ya sauka gefen titi. Idan labulen rufin a rufe yake, a bar shi a rufe, domin shi ke tare ɓarɓashin. Babban kuskuren da ake yi shi ne danna maɓallin buɗewa ko rufewa don a gwada. Ɓarɓashin da ya zuba a layin da gilashin ke gudu a kai zai cinye haƙoran giya da igiyoyin da ke jan sa, aikin gilashi kaɗai ya koma aikin inji gaba ɗaya.

Kafin a share komai, a ɗauki hotuna da waya ta ciki da ta waje. Sannan a rufe ramin da leda mai kauri, a manna ta da salatif ɗin masu fenti, saboda salatif mai ƙarfin gam yana ɓata fenti idan ya sha rana.

Samo gilashin da ya dace

Gasasshen gilashi ba ya gyaruwa, kuma ba ya yankuwa. Duk wanda ya ce zai yanko wani ya daidaita shi da rufin, to gilashin gida zai kawo, wanda idan ya fashe yakan zama manyan wuƙaƙe a saman kan fasinja. Mafita ɗaya ce, a samo wanda aka ƙera don wannan motar.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce lambar chasis, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17. Ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba. Da ita dila ke fitar da ainihin lambar gilashin, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da rufi iri biyu. Mai motar da ta fito daga Amurka kuma zai iya shigar da wannan lamba a shafin NHTSA ta wayarsa, ya ga ko akwai wani gyaran janyewa da ba a yi wa motar ba.

Zaɓi uku ne a kasuwa. Akwai sabo daga dilan kamfanin motar, shi ya fi tsada kuma farashinsa yana bin dala. Akwai na kamfanonin gilashi irin su Saint-Gobain Sekurit, AGC, Pilkington da Fuyao, waɗanda dama su ke yi wa kamfanonin mota gilashi. Sai na hannu da aka ciro daga motar da ta yi haɗari, irin wanda ake nema a Ƙofar Ruwa a Kano, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. Mai sayen na hannu ya haska gefunan da fitilar waya, ya bi su da yatsa a hankali. Ɗan ɓallewa a gefe ya isa dalilin barinsa, komai arharsa. Ya kuma duba ƙarafunan da ke manne a ƙasan gilashin, kada ya zama sun lanƙwashe ko gam ɗinsu ya fara saki.

Yadda ake aikin canjin

Yawancin fanorama kashi biyu ce, falle na gaba mai motsi da na baya wanda ke kafe.

Aikin yana farawa da shara. Ana zuƙe ɓarɓashi daga layukan gefe, labule, kujeru da ramukan iskar AC, a goge tsohon giris da ya haɗe da gilashi, a sa sabo irin wanda kamfanin ya tanada. Giris ɗin taya ba ya aiki a nan, don yana kama ƙura yana kuma lalata roba.

Falle mai motsi da ƙananan sukurori masu kan tauraro yake ɗaure a hannuwan injin. Ana kwance su, a ɗaga tsohon firam, mutum biyu su ɗora sabon, a ɗaure sama-sama. Daga nan sai saiti. Ƙa'idar da aka saba ita ce gaban gilashin ya yi daidai da rufin ko ya ɗan yi ƙasa da kamar milimita 1, bayansa kuma ya yi daidai ko ya ɗan yi sama da kamar haka. Idan aka juya lissafin, iska za ta riƙa shiga ƙarƙashinsa, motar ta yi ta fito da zarar an taka ta.

Falle kafaffe ya fi wuya, saboda da gam ɗin foliyuritan aka manna shi, irin na gilashin gaba. Ana yanke tsohon gam da siririyar waya, a bar ɗan siririn shimfiɗarsa, a shafa firaima a duk inda fenti ya ƙwarzane don kada tsatsa ta kama, sannan a zuba sabon gam layi ɗaya ba tare da yankewa ba. Silikon na masu aikin almuniyam ba madadinsa ba ne, domin ba shi da ƙarfin riƙe gilashi a gudun kilomita 120. Wannan gam da danshin iska yake bushewa, don haka a lokacin hunturu, da iska ke bushe ƙarau, yana ɗaukar lokaci fiye da na damina. A bi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa kafin a hau titi, a kuma ɗaga wankin mota na aƙalla kwana ɗaya.

A wasu motocin sai an sauke silin ɗin ciki kafin a kai ga aikin. A gefunansa jakunkunan iska na kariya suke, saboda haka dole a cire kan batir tukuna.

Ɓangaren manhaja

Nan ne gyara da yawa ke tsayawa rabi. Injin da ke jan gilashin yana da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙirga juyinsa don sanin inda gilashin yake, tana kuma auna ƙarfin da yake sha. Idan ta ji turjiya fiye da yadda ta saba, sai ta ɗauka hannun yaro ne ko kansa, ta mayar da gilashin baya. Bayan canji, lissafin da ta haddace ya tashi aiki, sai an sake koya mata.

A motoci da yawa ana yin haka ta danne maɓallin rufin har gilashin ya buɗe ya rufe da kansa zagaye guda. Wasu kuma sai an jona kwamfutar duba mota: Xentry a Mercedes-Benz, ISTA a BMW, ODIS a Audi da Volkswagen. Alamar ba a yi wannan ba ita ce gilashin ya kusa rufewa ya koma baya da kansa. Mafi muni kuma shi ne ya daina jin turjiya gaba ɗaya. Ana gwadawa da naɗaɗɗen tawul, ba da hannu ba.

Akwai kuma gilasai masu wayo, waɗanda ke sauya duhu da lantarki. Mercedes-Benz ta fito da Magic Sky Control a ƙirar SLK a 2011, Porsche Taycan na da rufin da ke rikiɗa daga garau zuwa hazo-hazo, haka ma Star Gaze na Toyota Venza ƙirar 2021. Waɗannan suna da wayoyi da na'urar sarrafawa, kuma gilashin da ba shi da wannan fasaha ba zai maye gurbinsu maɓallin ya yi aiki ba.

Gwajin ƙarshe kafin a biya kuɗi

Rufin da ke buɗewa ba a ƙera shi ya hana ruwa shiga ɗari bisa ɗari ba. Akwai kwata a ƙarƙashinsa da ke tara ruwan da ya tsallake roba, da siraran bututu a kusurwoyi da ke zubar da shi ƙasan mota. Ɓarɓashin gilashi da ƙurar hunturu suna toshe su. Idan suka toshe, ruwan damina zai bi silin ya gangara ƙarƙashin kafet, inda motocin alfarma da yawa ke ɓoye na'urorinsu na lantarki.

Don haka kafin mai mota ya karɓi makulli, ya sa a zuba ruwa kaɗan a kwatar ya ga ya fito ta ƙasa. A buɗe a rufe rufin sau da yawa ana sauraron ƙara, a gwada tawul, sannan a hau titi a ji ko akwai fito.

Maganar inshora kuma, wadda ta naira 15,000 da masu mota ke yanka a Najeriya tun 2023 ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta shafi gilashin mai motar ba. Cikakkiyar inshora ce ke iya ɗaukar wannan, shi ma sai an karanta sharuɗɗanta kan gilashi. Wanda ke shirin sayen mota mai fanorama ya tambayi farashin gilashinta tun kafin ciniki ya faɗa, ya riƙa ba tifa da tirela tazara a hanya, ya kuma sa a duba bututun ruwan kafin kowace damina.